Ruwan nano a cikin kwal: buɗe kafofi yake yi ko toshe su?

Bakatsine_a_Sin:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da wani ƙulli da ya hana ni barci. Ina shekara ta biyu a digiri na biyu a nan ƙasar Sin, bincikena a kan iskar metan ce da ke kwance cikin shimfiɗar kwal a ƙarƙashin ƙasa. Samfurin da nake aiki da shi daga kwarin Qinshui na lardin Shanxi aka kawo shi. Na jiƙa garin kwal ɗin a ruwan nano na silika, wato sinadarin yashi, ƙwayoyin ba su wuce nanomita 20 ba, na busar, na kai injin naitirojin mai auna faɗin fuskar ƙananan ramukan kwal, wato kafofi. Lissafin da injin ke yi, wanda ake kira BET, ya nuna faɗin fuskar kafofin ya ƙaru. Har na fara murna. Da na kai wani gutsuren injin da ke tura zaiba cikin kafofi don auna girmansu, shi kuma sai ya ce mini manyan kafofin raguwa suka yi. To wanne zan kama? Ruwan nan buɗe kwal yake yi ko toshe shi? Takardun da nake karantawa ma sun rabu gida biyu. Ran Litinin sufabaiza yake jiran bayani.

MaiTambaya_KN:
Wa alaikumus salam. Ku yi haƙuri, ni lantarki na karanta. Wai gas a cikin kwal? Na ɗauka kwal ƙona shi kawai ake yi. Kuma mene ne ruwan nano?

Injiniya_MaiRijiya:
@MaiTambaya_KN kwal da kake gani tamkar soso ne, sai dai ramukansa ido ba ya gani. A rijiyar gas da muka saba, iskar tana zaune ne a sarari tsakanin ƙwayoyin yashi. A kwal kuwa mannewa take yi a jikin bangon kafofi ƙanana ƙwarai, matsin ruwan da ya cika tsagun kwal ɗin shi ke riƙe ta a wurin. Shi ya sa idan aka haƙa rijiya, wata da watanni ruwa ake ta zuƙowa da famfo. Sai matsi ya sauka iskar ke sakin bango, ta rarrafo cikin naman kwal har ta iso tsaga, tsagar ta kai ta rijiya. Amurka ta daɗe tana wannan sana'a a kwarin San Juan da Black Warrior da Powder River, tun bayan rangwamen harajin da aka yi a 1980. A Ostireliya, gas ɗin kwal na kwarin Bowen da Surat ne ake sanyayawa har ya zama ruwa a tsibirin Curtis kusa da Gladstone ana lodawa jiragen ruwa.

Ruwan nano kuwa ruwa ne da aka barbaɗa wa ƙwayoyi masu girman nanomita 1 zuwa 100, suna yawo a ciki ba su kwanta ba. Stephen Choi ne ya raɗa sunan a 1995 a cibiyar bincike ta Argonne, kuma a lokacin sanyaya injuna ne damuwarsa, ba rijiya ba. Daga baya 'yan mai suka ɗauka, yanzu ga shi ya iso kwal.

MaiTambaya_KN:
Na gode Injiniya. Nanomita ɗin nan dai har yanzu ban iya hango shi a raina ba.

Yar_Zazzau:
Tsinke gashin kanka ɗaya, ka raba kaurinsa gida dubu hamsin ko fiye. Kashi ɗaya shi ne nanomita.

Dakta_UwarLeb:
@Bakatsine_a_Sin ƙanena, kafin ka zargi injin ko ɗaya, amsa mini abu uku. Ka jiƙa wani kason kwal ɗin a ruwan da babu silika a ciki, tsawon lokaci ɗaya, ka busar da shi yadda ka busar da wancan? Ka wanke samfurin bayan jiƙon ko haka ka busar da shi da silikar a jikinsa? Nawa ne pH na ruwan, wato ma'aunin tsaminsa ko kanwarsa?

Ga dalilin tambayar. Silikar kanta tana da fuska. Ɗauki alƙalami: faɗin fuskar dunƙulalliyar ƙwaya a kowane giram shi ne 6 a raba da nauyinta sau kaurinta. Silika giram 2.2 ce a kowane santimita kubik, kauri nanomita 20, sai ka samu wajen murabba'in mita 136 a giram guda. Kwal kuwa idan da naitirojin aka auna, sau da yawa mita ɗaya ko 'yan kaɗan yake bayarwa. Ka ga ko ɗan ƙanƙanin silika ya maƙale a jikin garinka, ya isa ya ɗaga lambar BET. Injin bai san bambancin kwal da silika ba, duk fuskar da naitirojin ya samu zai kwanta a kai, shi kuma ya ƙirga.

Kuma idan ƙwayoyin suka taru a cikin babbar kafa, 'yan tsakanin da suka bari a junansu sabbin ƙananan kafofi ne a idon injin. Babbar kafa ɗaya ta cike, ƙanana da yawa sun bayyana. Ga amsar injin zaiba, ga ta naitirojin, kuma babu wanda ya yi ƙarya.

Bakatsine_a_Sin:
Innalillahi. Dakta, wallahi ban yi na ruwa zalla ba. Da ɗanyen kwal kawai na kwatanta. Kuma ban wanke ba, don a tunanina wankewar za ta cire abin da nake son aunawa. pH ɗin zan duba a jikin kwalbar, a kanti aka sayo ruwan a haɗe.

Dakta_UwarLeb:
Wanda ake sayarwa a haɗe galibi yana da ɗabi'ar kanwa, pH 9 zuwa 10, don kada ƙwayoyin su dunƙule. Wasu kuma an zuba musu sinadarin sabulu. Kowanne daga cikinsu yana iya taɓa kwal ba tare da silikar ta yi komai ba. Kada ka ji kunya, ni ma sai da na ɓata wata uku a irin wannan a zamanin da nake ɗaliba.

TsohonMalami:
Ina so in ja hankali a kan kalmar "manya" da "ƙanana", don na ga tana rikita yara da yawa. A rabon IUPAC, ƙungiyar masana kimiyyar sinadarai ta duniya, ƙananan kafofi su ne ƙasa da nanomita 2, matsakaita daga 2 zuwa 50, manya sama da 50. Masu binciken kwal a Sin kuwa da yawansu rabon wani masani mai suna Hodot suke bi, wanda ya fito daga Tarayyar Sobiyet: ƙasa da 10, sai 10 zuwa 100, sai 100 zuwa 1000, sai sama da 1000. Kafa mai nanomita 8 ƙarama ce a wurin wannan, matsakaiciya ce a wurin wancan. Ka ce takardunka sun rabu gida biyu. Koma ka duba mudun da kowa ya auna da shi, wataƙila rabin gardamar a nan take.

Na biyu, ƙwayar metan kaurinta nanomita 0.38 ne, kuma yawancinta a kafofin ƙasa da nanomita 2 take zaune. Ƙwayarka mai nanomita 20 ba za ta taɓa shiga can ba, raƙumi ne a ƙofar akurki. Saboda haka duk wanda ya ce maka silika ta faɗaɗa ɗakin da gas yake kwana, ka tambaye shi ta wace ƙofa ta shiga.

Yar_Zazzau:
Malam ya yi gaskiya, sai dai ina da ƙari. Ba sai ta shiga ɗakin ba, ta tsaya a bakin ƙofa ma ta isa. Idan ta toshe wuyan kafar da ke kaiwa ga ƙananan, gas ɗin yana nan amma fitowarsa ta yi nauyi. Kuma naitirojin a sanyin digiri 196 ƙasa da sifili ba ya iya kutsawa cikin waɗannan ƙananan a kan lokaci. Sai an yi da kabon dayoksaid a digiri sifili, shi ne ke nuna fuskar kwal ta kai mita ɗari ko fiye a giram. @Bakatsine_a_Sin ka yi wannan?

Bakatsine_a_Sin:
Ban yi ba Anti, layin injin ya yi tsawo. Zan sa suna.

Injiniya_MaiRijiya:
Ku 'yan leb kuna ba ni mamaki. Kun niƙa kwal ya zama gari, kun tankaɗe shi a rariya mai lamba 60 zuwa 80, sannan kuna maganar ma'ajiyar gas. Ina tsagun? Kun niƙe su! Hanyar da gas ke bi zuwa rijiya ita ce tsagar nan iri biyu, doguwa mai zarcewa da gajeriya mai gittawa, kuma a ƙasa nauyin dutse na ɗaruruwan mita yana danne da su. Matsalar kwal ɗin Sin ke nan tun asali: sauƙin ratsawarsa ƙanƙani ne, wurare da dama bai kai milidasi ɗaya ba a ma'aunin ratsawa, shi ya sa kusan kowace rijiya sai an fasa ta da matsin ruwa da yashi. Ni abin da zan yarda da shi ɗaya ne. A yanko kwal dunƙulalle, a sa shi a injin da ke matse shi ta ko'ina kamar yana ƙasa, a tura gas a auna, a tura ruwan nano, a sake tura gas a auna. In ya ƙaru, madalla. Ba girin-girin ba, ta yi mai.

Dakta_UwarLeb:
Injiniya, ban ƙi ta taka ba, amma ka san yanko kwal dunƙulalle ba wasa ba ne. Kana cikin yanka yake rugurgujewa, musamman wanda motsin ƙasa ya riga ya murƙushe. Wanda ya tsira har ya iso leb shi ne mafi ƙwari, ba shi ne wakilin shimfiɗar ba. Kuma gutsure biyu daga dunƙule ɗaya suna iya bambanta, wannan ya faɗo a zirin mai ƙyalli, wancan a zirin mai dishi-dishi. Kowa da makantarsa.

DanGombe_Akko:
Ni dai tambayata, mu da muke da kwal a Maiganga, wannan abu zai yi mana amfani? Kullum manyan motoci ke ɗiba zuwa kamfanin siminti na Ashaka. Ko kuwa gas ɗin tashi kawai yake yi a banza?

TsohonMalami:
@DanGombe_Akko na Maiganga a fili ake haƙarsa, kusa yake da sama, kuma kwal ne matashi wanda bai gama nuna ba. Shimfiɗar da ke kusa da sama ba ta riƙe gas mai yawa, don babu matsin da zai tsare shi. In za a nemi irin wannan gas a Najeriya, hankali zai fi karkata ga kwarin Anambra inda kwal ɗin Inugu yake, wanda aka gano a Udi a 1909, da kuma na Lafiya-Obi a Nasarawa wanda ya fi nuna. Amma ka tuna ƙasar tana da tabbataccen gas sama da tiriliyan 200 na ƙafa kubik, har yau ana ƙona wani a Neja Delta. Mai kuɗi ba zai bar wannan ya je yana zuƙar ruwa wata shida yana jiran kwal ya yi numfashi ba. Sin kuwa dole ce ta sa ta: tana buƙatar gas, kuma iskar nan tana kashe mata masu haƙa.

Ba_Agadashe:
Mu ma a Nijar muna da na Anu Araren kusa da Cirozerin, kamfanin SONICHAR ke haƙa yana ba Arlit da Agadas wuta. Shi ma a fili ne. Ina bin muhawarar dai, ku ci gaba.

MaiTambaya_KN:
Malam ya ce tana kashe masu haƙa. Guba ce?

Injiniya_MaiRijiya:
Ba guba ba ce, fashewa take yi. Idan ta kai kashi 5 zuwa 15 cikin ɗari a iskar rami, tartsatsi ɗaya ya isa. Wani lokaci kuma kwal da gas ne ke tunkuɗowa tare daga bango ba zato.

Wannan ma ya tuna mini abin da nake ganin shi ne asalin rabuwar takardun da yaron nan yake karantawa. Jama'a biyu ne ke zuba ruwan nano a kwal, kuma buƙatarsu kishiyar juna ce. Masu tsaron rami suna ɗura ruwa a shimfiɗa kafin a sara, don ƙura ta kwanta, kwal ya yi laushi, gas ya rage zafin fitowa. Kwal kuma ba ya son ruwa, ɗigo a kansa kamar ɗigo ne a ganyen gwaza. Sai su sa silika mai son ruwa ta lulluɓe fuskar, ruwan ya baje ya shige ciki sosai. A wurinsu wannan nasara ce. Mu masu rijiya kuwa ruwan da ya shiga ya ƙi fita shi ne babban maƙiyinmu. Bayan an fasa, so muke ruwan ya dawo ya ba gas hanya. Don haka silikar da muke nema ita ce wadda aka yi wa rufin da ke korar ruwa. Takarda biyu za su ce "an inganta kwal", amma abin da ɗaya ya kira gyara a wurin ɗayan ɓarna ce.

Yar_Zazzau:
Bari in sa wa maganar Injiniya lamba. Ƙarfin da siririyar kafa ke riƙe ruwa da shi, irin wanda lagwani ke jan kananzir, shi ne 2 sau ƙarfin fatar ruwa a raba da rabin faɗin kafar, idan bangon yana jiƙuwa sarai. Fatar ruwa 0.072 ce. Kafa mai faɗin nanomita 100 za ta riƙe ruwa da matsin kusan megafaskal 2.9. Mai faɗin nanomita 20 kuwa sama da 14. Matsin ruwa a zurfin mita 1000 wajen 10 ne kacal. To da wane ƙarfi gas zai ture wannan ruwan? Shi ya sa sauya kusurwar ɗigo kaɗan, wato yadda ɗigon ruwa ke bajewa ko dunƙulewa a bango, yake iya fin sauya girman kafa tasiri. Ni a ganina yawancin abin da ruwan nano ke yi wa kwal a fatar bango yake, ba a ginin ramin ba.

Dakta_UwarLeb:
Ban yarda da "yawancin" ba, ƙawata. Akwai inda ginin yake sauyawa da gaske. Tsagun kwal sau da yawa a cike suke da ma'adinai irin su kalsait da dolomait da yumɓu. Ruwa mai ɗan tsami yana narkar da kalsait, tsaga ta buɗe, hoton madubin lantarki ya nuna ƙuru-ƙuru. Yumɓu kuma wani irin yana kumbura, wani yana ɓantarewa ya yi gaba ya toshe wani wurin. Abin da nake ja a kai shi ne, wannan aikin ruwan ne ko na ƙwayoyin? Sai gwajin ruwa zalla zai raba gardama.

Sannan busarwa. Kwal matashi idan ya sha tanda yana tsukewa ya tsattsage kamar bakin tafki da rani. Zaiba ma ba waliyyiya ba ce: injin yana kaiwa megafaskal 400 da ɗoriya, kwal kuma yana da laushi, tun kafin a je can ya fara matsewa, injin yana rubuta matsewar a matsayin kafofi. In ba a yi gyaran wannan ba, ɓangaren ƙananan kafofi na sakamakon zaiba ba abin dogaro ba ne. Injin NMR, mai awo da maganaɗisu, ya fi mini kwanciyar hankali a nan, don gutsure ɗaya za ka auna kafin da bayan, ba ka lalata shi ba.

Kanikawa_Boy:
Ni fa duk wannan nano-nano ɗin ina ganin hanyar cin kuɗin bincike ce kawai. Ko'ina ka duba an liƙa "nano" a take don takarda ta fita.

Injiniya_MaiRijiya:
Akwai ƙamshin gaskiya a maganarka, amma kada ka haɗa duka ka zubar. Akwai matsala ɗaya da nake ganin zai iya taimakawa: garin kwal da ke biyo ruwa. Na taɓa aiki a wani fili da famfo ke tsayawa kusan duk bayan 'yan makonni, a zaro shi a tarar baƙin taɓo ya cika shi. Kowace tsayawa matsi yana komawa sama, kuma garin da ke tafe sai ya kwanta a cikin tsaga da tsakanin yashin da aka tura. Idan aka lulluɓe yashin da ƙwayoyin nano, garin yana maƙalewa a jikinsa tun daga nesa maimakon ya taru a bakin rijiya. 'Yan mai sun gwada dabarar a dutsen yashi. Ko za ta yi a kwal a farashin da gas zai biya, wannan sai rijiya ta faɗa.

TsohonMalami:
Tunda an zo maganar toshewa, akwai tsohuwar ƙa'idar masu haƙa. Ƙwayar da ta fi kashi ɗaya cikin uku na wuyan kafa, a baki take tsayawa. Wadda ke tsakanin ɗaya cikin bakwai da ɗaya cikin uku tana shiga ta maƙale a ciki, ita ce mafi sharri don fitar da ita wuya. Wadda ba ta kai ɗaya cikin bakwai ba tana wucewa. Da wannan lissafin, ƙwaya mai nanomita 20 tana son wuya mai 140 ko fiye kafin ta wuce lafiya. Wannan kuma in ta tsaya ita kaɗai ke nan.

Dakta_UwarLeb:
Kuma ba ta tsayawa ita kaɗai, ranka ya daɗe. A kwalba da tataccen ruwa tana zaune lafiya saboda ƙwayoyin duk caji iri ɗaya gare su, suna ture juna. Ruwan ƙasa kuwa da gishirinsa, ga kalsiyam ga maganiziyam, su ke kashe cajin. Nan da nan sai gudaji, kamar kunun da aka zuba wa ruwan zafi ba a dama ba. Abin da ya shiga yana nanomita 20 sai ya koma ɗaruruwa. @Bakatsine_a_Sin da wane ruwa ka tsinka naka?

Bakatsine_a_Sin:
Tataccen ruwan leb ne Dakta. Na duba kwalbar kuma, pH 9.5 aka rubuta. Yau na roƙi wani abokin karatuna da ke zuwa Jincheng ya taho mini da ruwan rijiya ko jarka ɗaya ce. Zan raba garin kashi huɗu: ɗanye, na ruwa zalla mai pH ɗaya da wancan, na nano ba wanki, na nano da wanki. Abin da ban sani ba shi ne me zan gaya wa sufabaiza, don na riga na nuna masa lambar BET ɗin kuma ya ji daɗinta.

Yar_Zazzau:
Kai masa lissafin mita 136 ɗin nan a takarda, ka bar shi ya gani da idonsa. Ƙona ɗan samfurin ma ka auna tokar kafin da bayan, za ka san yawan silikar da ta zauna.

Injiniya_MaiRijiya:
Kashi huɗu na gari dai. Har yanzu ban ji an ambaci dunƙulallen kwal ba.

Kanikawa_Boy:
Injiniya ba zai huta ba sai an haƙa masa rijiya a cikin leb.

Ba_Agadashe:
Tambaya ɗaya kafin ku watse. Ruwan da ake zuƙowa daga waɗannan rijiyoyi, na ji a Ostireliya manoma sun yi ta rigima a kansa. In an tura silikar nan ƙasa ta dawo tare da ruwan, ina ake kai ta? Mu nan ruwan ƙasa shi ne rayuwa.

Dakta_UwarLeb:
Silika ita ce sinadarin yashi, ba ita ta fi damuna ba. Rufin da ake yi mata da sabulun da ke rakiyarta su ne abin bincike. Buɗe mana sabon zare a kan wannan, @Ba_Agadashe, kada mu binne tambayar yaron nan. @Bakatsine_a_Sin a digiri nawa ka busar da samfurin farko? Ba ka faɗa ba.